Uban Lokacin Haraji

Ƙarfe goma na safe, rana ta fara zafi a garin Caguas, Efraín ya ja kujera a zauren cocin da ake cika wa talakawa takardun haraji kyauta. Jiya ya ji a wurin aski wai gwamnati na mayar wa mai ƙaramin yaro kuɗi masu kauri, sai ya tuna ashe shi ma yana da 'ya.

“'Yammata, rubuta,” ya ce wa budurwar da ke gaban kwamfuta. “'Ya ɗaya, Yaritza. A hannuna take. Ci da sha, kuɗin makaranta, duk a wuyan nan nawa. Uwarta ko sisi.”

“Sannu da ƙoƙari, Don Efraín,” ta ce, tana haɗa masa da laƙabin girmama dattawa. “Shekarunta nawa?”

“Sha huɗu. Ko sha biyar, kin san yaran yanzu da saurin girma.”

“Yaushe rabonka da ita?”

“Yau da safe mana! Ni na haɗa mata kofi da madara.”

Budurwar ta ɗauke hannu daga kwamfutar, ta dube shi sosai.

“Ashirin na cika wancan watan, Baba. Kuma ba na shan kofi.”

Cikin masu jiran layi, wata tsohuwa ta ja dogon tsaki. Efraín ya shiga laluben hularsa, alhali tana kansa.

Yaritza ta goge gurbin 'ya'ya, ta nemo masa ɗan rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin albashi, ta miƙa masa takardar. Ya karɓe, ya leƙa adadin, ya fita yana ƙunƙuni wai ya yi kaɗan.