Tsakanin Saukarwa da Ɗaukowa

A gaban shagon kayan abinci da ke titin Gate City Boulevard, Khairiyya ta ce wa Garzali ya kashe motar.

"Jirgin ruwan binciken ya ɗauke ni aiki," ta ce.

Ya san aikinta, auna hawa da saukar teku da ɗumin ruwa a kan duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Sauran ne ta daɗe tana ɓoyewa. Na'urorin aikin ana saukar da su ne ƙasan teku a bar su shekara guda suna awo, sannan a koma a ɗauko. Tafiya biyu ke nan, ta biyun kuma ta faɗo a watan da aka sa bikinsu.

Ta sunkuyar da kai, tana jiran ya ce ta zaɓi ɗaya.

Garzali ya juyo ya dube ta.

"Wato ƙarfen zai jira ki shekara guda a ƙasan ruwa?"

"Eh."

"To ni ban kai shi haƙuri ba. A jawo bikin, a ɗaura kafin ki koma. Gobe zan je wurin Baba a garin Pleasant Garden."

Ta sauke ajiyar zuciya, dariya ta ƙwace mata. "Anti Daso za ta yanka mu, ko anko ba ta fitar ba!"

"Ke dai ki riƙa dawowa," ya ce, ya tada motar.