Gungumen Maɗacin Inna Tasalla

Kun ga Inna Tasalla a ƙofar kasuwar katako ranar nan, amma kuka kau da kai.

Tun da aka kafa sabuwar doka, ba gungumen da ke shiga kasuwa sai mai shi ya faɗa wa na'urar bakin ƙofa sunan wanda ya dasa bishiyar. In ya kasa, a ƙwace, a ce na sata ne. Maɗacin da ta kawo gungumensa marigayi mijinta ne ya dasa, da shi kaɗai za ta sake buɗe rumfarsa.

"Wa ya dasa?" in ji na'urar.

"Malam."

"Babu wannan suna."

Ma'aikacin da ke kula da na'urar ya ce, "Haba Inna, faɗi mana, layi ya yi tsawo. Ai ba ji zai yi ba."

Shekara talatin da bakwai ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ko cikin fushi. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Haladu," hawaye na zuba.

"Ba a ji ba. A maimaita da ƙarfi," in ji na'urar.

Ta juya, ta bar musu gungumen.

Ranar Laraba za a yi gwanjonsa. Ku da kuka san Haladu, ku je ku faɗi sunan a madadinta.