Baƙon Bayan La'asar

Ɗigo ɗaya a idon dama, ɗaya a na hagu. Uwargida ta goge masa kunci da bakin mayafinta, ta rufe kwalbar, ta ce bari ta leƙa girki. Mai Agogo ya jingina da kujera yana jiran duhu.

Hawan jinin ido ne ya raba shi da shagonsa na gyaran agogo. Likita ta rubuta masa maganin ɗigawa a ido mai suna filokafin, ta yi masa bayani dalla-dalla. Maganin yana kwaikwayon jijiyoyin da ke sa jiki ya lafa, masu tsinko yawu da hawaye, masu rage gudun zuciya. A ido kuwa yakan tsuke ƙwayar ta koma kamar kan allura, ruwan da ya taru ya samu hanyar fita. Ta ce goshinsa zai yi ciwo, ɗaki zai yi masa duhu na ɗan lokaci. Duk ya gani. Abin da ba ta faɗa ba shi ne zai riƙa ganin mahaifinsa.

Bayan ɗigon la'asar yake zuwa. Labule zai motsa, sai ga dogon mutum a bakin ƙofa, kafaɗar hagu a karkace, kai a sunkuye, daidai tsayuwar tsohon da Mai Agogo ya sa a kabari da hannunsa. Ba sallama, ba ƙarar takalmi. Fuskar kuwa ba ta fita. Zai tsaya shiru, agogunan bango suna ta bugawa, can ya juya.

Mai Agogo ba matsoraci ba ne. Mutum ne da in ya yanke magana ba ya waiwaye, shi ya sa har yau ba a ambaton babban ɗansu a gidan. Amma yanzu gumi kan jiƙa masa riga, ya rasa na magani ne ko na tsoro.

"Ke, ba ki ga kowa ya shigo ba?"

"Wa zai shigo, Malam? Gidan nan ko ɓera ya daina kawo mana ziyara," in ji ta daga kicin, inda a kwanakin nan tukunyarta ta ƙara girma.

Wata rana ya yi ta maza ya yi magana. "Baba, in kirana ka zo yi, ka faɗa mini." Ya gyara zama, ya ƙara da cewa, "In kuma wani laifi na yi, ka yafe mini. Na tsufa, na gaji."

Kafaɗun mutumin suka shiga rawa. Ya ɗaga hannu ya toshe bakinsa, ya fice da sauri har labulen ya naɗe a ƙofa.

Daga ranar Mai Agogo ya rage cin abinci, ya fara kawar da kai in an ɗauko kwalbar. Ɗigon safe uwargida kan ƙyale shi ya ja lokaci. Na la'asar kuwa sai ta riƙe masa haɓa ta ɗiga.

Maƙwabcinsu direba ne ya kai shi asibiti. Likita ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi dariya ba.

"Baba, matattu ba sa fitowa daga kwalba. Amma in ka daina ɗigawa, duhun da zai zo ba mai tafiya ba ne."

Ta sauya masa da wani maganin wanda ba ya tsuke ƙwayar ido. A gida ya miƙa wa uwargida sabuwar kwalbar. Ba ta tambaya ba, shi ma bai yi bayani ba.

La'asar ta yi. Ta ɗiga, ta goge masa kunci, ta fita. Ya zauna yana jiran duhu, duhu bai zo ba. Yana ganin allurar kowane agogo, yana ganin zaren da ya warware a gefen labule. Zuciyarsa ta fara sauka.

Sai labulen ya motsa.

Dogon mutumin ya shigo a hankali, kafaɗar hagu a karkace, takalmansa riƙe a hannu, furfura ta fara tsira a gemunsa. Ya ɗago kai ba tare da fargaba ba, kamar wanda ya saba kallo ba a ganinsa, sai Mai Agogo ya haɗa ido da ɗan da ya kora daga gidan nan tun yana saurayi.