Farce a Cikin Kirfa

Tana cikin tankaɗe wani abu ya tsaya a rariya. Mai kek ta bubbuga gefen rariyar, garin kirfa ya ci gaba da zuba kan fulawa, amma abin nan ya ƙi wucewa. Ta ɗauka ɓawo ne. Ta sa yatsu biyu ta ɗauko, ta hure shi, ta kai bakin taga.

Farce ne. Farcen mutum, na babban yatsa, sukutum guda, ya yi baƙi ƙirin irin na wanda jini ya mutu a ƙarƙashinsa.

Ta yar da shi kan tebur. Teburin ma sabo ne fil, na jan katako, maigidanta kafinta ya ƙera mata da hannunsa, ga shi yau ƙazantar wani ƙato ta hau kai. Yawu ya cika mata baki. Da ƙyar ta kai bayan gida.

Rabin unguwar nan kek ɗinta suke ci, amma ba su ne suka faɗo mata a rai ba. Inna ce. Tun da likita ya ce mahaifiyarta na da ciwon sukari, wata maƙwabciya ta ce wai kirfa na taimakawa. Mai kek kuwa ba ta wasa da Inna. Kullum da safe sai ta cika cokali daga wannan kwalbar kirfar da take kek da ita, ta dama da ruwan zafi, ta tsaya a kanta har ta shanye. Tsohuwa takan yamutse fuska ta ce, "Ni fa maganin nan naki maƙaƙi yake mini a wuya."

"Inna, magani ai ba alewa ba ne. Shanye."

Yanzu ga Inna a kwance, ciki ya kumbura, abinci ya ƙi zama, an yi ta zaryar asibiti ba a gano bakin zaren ba.

Maigidan ne ke ɗawainiyar duka, Allah ya saka masa. Kwanan nan hannunsa ya ɗan buɗe, bai kuwa yi rowa ba. Ko da yatsansa a naɗe da bandeji, shi ke tallabar Inna ya sa a mota. Shi kam ya tsira, don ya daɗe da daina cin kek ɗinta, wai tumbi yake tsoro. Har ya taɓa ce mata ta riƙa sayen itacen kirfar tana dakawa da kanta, ta ce da wane lokacin, ko shi zai riƙe mata taɓarya?

Ta juye kwaɓin gaba ɗaya a shara, da ƙwai da man shanun da ke ciki. Ta ƙulle farcen a gefen mayafi tana kau da kai, ta fita ko ƙofa ba ta ja ba.

Mai kayan ƙamshin da take sayen kirfa wajensa na zaune tsakanin citta da kanumfari yana korar ƙuda. Ta kwance ƙullin a kan sikelinsa.

"Wannan gyara ka yi mini?"

Ya leƙa, ya ja da baya, ya shiga rantse-rantse.

"Bar rantsuwa. Miƙo hannuwanka."

Ya miƙa. Faratan cike da dauɗa, abin ƙyama, amma babu wanda ya fita. Ya ce shi ma a niƙe yake sarowa, ta je ta tambayi mai injin niƙa a bayan layi.

Ɗakin injin kuwa, kai, ba a magana. Ƙasa a jiƙe, kashin ɓera a kowane lungu, wani tsumma baƙi da shi ake goge bakin injin, da shi ake goge gumi. Bayan ƙofa ta ga buhuna a jingine. Ɗaya a buɗe yake, cike da jan gari mai laushi. Ta ɗebo, ta murza, ta shinshina. Launin kirfa sak, amma ko ɗigon ƙamshi babu.

Mai injin bai ko ji kunya ba. "Haba baiwar Allah, zalla wa zai iya saya? Ɗan ƙari ne ake yi. Kowa haka yake yi."

"Ƙarin me?"

"Share-share ne, wani bawan Allah ke kawo mini. Mutumin kirki, ba ya ko ja-in-ja."

Ta kalli hannuwansa. Shi ma faratansa cif. Ta tofar da yawu a bakin ƙofarsa.

"Tir! Wanda ya sa na ɗura wa uwata shara da hannuna, Allah ya isa tsakanina da shi. Allah ya tona asirinsa, ko ɗan waye."

Ta kama hanyar gida. Duk wanda suka yi kiciɓis da shi, hannunsa take fara kallo: direba, mai gyaran takalmi, har matar da ta gaishe ta.

Ta tarar da maigidan zaune bakin gadon Inna yana yi mata fifita. Sai ta ji idonta ya kawo ruwa. Duniya ta lalace, amma ita dai ta dace da miji. Ta buɗe baki za ta ba shi labari, idonta ya sauka kan bandejin nan, ya yi duƙun-duƙun.

"Baban yara, yau na ga ƙazantar da ta ishe ni. Kawo in canza maka."

"Bari kawai, ya kusa warkewa."

Ya kai hannun bayansa. Ta cafko shi tana murmushi, babba da shi yana tsoron ciwo kamar yaro. Ta warware naɗi ɗaya, ta warware na biyu.

Jan garin katako marar ƙamshi, irin na buhun mai inji, ya zubo kan zanen gadon Inna, babban yatsan kafintan nata kuwa tsirara, ba farce.