Fito a Bakin Kwalta

Safara'u ta idar da sallar la'asar ta tarar da ƙofar gida a buɗe, kwanon furarsa a kife, takalminsa ƙafa ɗaya a bakin zaure. Shi kuwa ko ƙyallinsa babu.

Ta suri takalmin ta yi waje. Bai san titi ba. Ko sunan unguwar da suka tare bana a Dutse ba ya iya faɗa. Ita ke ba shi abinci a baki, haƙoransa biyu ne kacal, kuma duk dabbar da ya gani sai ya bi ta.

Ta tambayi mai rake a bakin layi.

"Mai farar riga? Ya bi awaki wajen babban titi, Hajiya. Ki ƙwala masa kira mana!"

Kira? Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, a gidansu irin wannan suna kunyarsa ake ji. Masu kiran ma, ba kullum yake waiwayarsu ba.

Hadari ya haɗo daga gabas. Tireloli na sheƙa gudu a kan kwalta, tsallakenta kuwa duwatsu ne da kwazazzabon da ruwa ke cikawa kafin a ankara. Ta duba nan, ta duba can, ba farar riga.

Sai ta tuna da rugarsu ta wajen Miga, da fiton da ake yi wa shanu in rana ta yi sanyi. Mace ba ta fito. Innarta ta sha murɗe mata kunne a kansa. Ga kuma majalisa cike da maza, har da abokan aikin mijinta.

Ta sa yatsu a baki ta saki fiton, dogo, mai karyewa a ƙarshe.

Mazan majalisa suka waiwayo. Wani ya ce, "Subhanallahi, matar aure!"

Ta sake yi, da ƙarfi.

Can tsallake, daga bayan wani dutse, farar riga ta ɓullo tana nufo kwalta. Safara'u ta keta tsakanin motoci, ana ta danna mata ham, ta cafke hannunsa.

Ya ƙura mata ido, ya ce, "Yarinya, wa ya koya miki kiran shanuna?"

"Kai ne, Baffa," ta ce, ta durƙusa tana sa wa mahaifinta takalmi.