Jajayen Takalma

"Kuya, ko ni Nanay ba ta ganewa yanzu," in ji ƙanwarsa a bakin ƙofa; Kuya yaya ne a harshensu, Nanay kuwa uwa. "Kuma a haka za ka shiga? Maƙwabta na leƙe."

"Su leƙa, yau suka fara?"

Daga dandalin bikin unguwa ya taho, da gashin kanti da doguwar riga mai walƙiya. Shigar wata shahararriyar mawaƙiya ce da yake kwaikwayo tun ranar da mahaifinsa ya ƙona masa kaya ya kore shi, uwar tana tsaye tana kallo.

Tsohuwar na kwance kusa da rediyo. Tana ganinsa ta yunƙura tana gyara gashinta.

"Ke ce? A gidana?"

Ya durƙusa ya rera mata waƙar da sukan bi tare wurin wanki yana yaro. Ta kama hannunsa, ta rage murya.

"Ina da ɗa mai sonki kamar ransa. Tunda kina yawo gari-gari, in kin gamu da shi ki ce ya dawo. Jajayen takalmansa ba su ƙone ba, na ɓoye su cikin buhun shinkafa."

Ya gyaɗa kai.

"Zan gaya masa, Nanay."