Yatsun Maƙeri

Sai da na ƙirga yatsun maƙerin sau biyu kafin na ce na saya.

Birai ne suka hana ni sakat a gonata ta Kurmin Kogi, shekara biyu da samun mulkin kai. Aka ce akwai maƙeri a Makarfi mai ƙera bindiga sak irin ta soja. Kawuna, wanda ya yi yaƙin Bama, ya ja mini kunne: "A ido ne kawai ta soja, ɗana. Irin waɗannan a hannu suke fashewa. Kada ƙyallinta ya ruɗe ka, ka dubi yatsun mai ita. Maƙerin kirki shi ke fara harba abin da ya ƙera."

Da na je, na tarar da yatsun maƙerin goma cif, ko ƙwarzane babu.

"An gwada ta kuwa?" na tambaye shi.

"Malam, bindiga ba ta barin maƙerar nan sai an harba ta sau uku. Yaya! Zo ka shaida masa."

Wani dattijo ya fito daga zaure, hannayensa cikin babbar riga.

"Lafiyayya ce, samari," in ji shi. "Da kaina na harba ta. Ta fi duk na baya."

Raina ya yi fari. Na saɓa ta a kafaɗa kamar kofur, na russuna mu yi sallama. Dattijon ya zaro hannun dama ya miƙo mini.

Yatsa biyu na kama.

"Alhamdu lillahi," ya ce yana murmushi, "ai wannan ne mai yawan."